Uwar Batir da Kafaɗar Yaya

Kafin motar farko ta kwashi ma'aikata zuwa wurin gini, ita ta riga ta buɗe sito. Ɗaki ne dogo mara faɗi a bayan harabar kamfanin, da taga ɗaya mai ƙarfe, kuma ta wannan tagar kayan aiki suke fita, ta nan suke dawowa. Tana shiga sai ta rataye jakarta, ta kunna fanka, ta bi layin cajoji tana ɗora bayan hannunta a kan batura ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba zazzaɓin yara. Wanda ya kwana a caji ya wayi gari da ɗumi, ta cire shi ta ajiye gefe, kuma ranar ba inda za shi ko da mai kamfani ne ya zo nemansa da kansa. Sauran ta jera su a kanta mai hawa uku bisa lambar da ke jikinsu, wadda ke nuna yawan wutar da kowanne yake iya riƙewa: masu biyu a sama, masu biyar a tsakiya, masu takwas a ƙasa saboda nauyinsu. Sannan ta zuba shayi daga fulas, ta ɗaga tagar.

Ma'aikata suna ce mata Uwar Batir. Ba ita ta zaɓi sunan ba, ba ta kuma taɓa nuna ya dame ta ba. Ta zo kamfanin nan tun ana jan igiyar wuta daga janareto har bene na sama, ta ga zuwan injuna masu batir, ta ga mutuwar na farkonsu, ta ga waɗanda suka gaje su. A ƙarshen watan da ya wuce ta ajiye makulli. Na ga ya dace a faɗi wani abu a kanta tun tana ji da kunnenta, don irinsu ba a sa hotonsu a kalandar kamfani, kuma in an gama gini an zo buɗewa ba wanda yake tuna akwai wata taga a bayan haraba.

Duk wanda ya tsaya a tagar nan, tambaya biyu ke jiran sa. "Me za ka yanka?" Sai kuma, "Sama ko ƙasa?" Sai ka amsa sannan za ta juya wajen kantar batura. Sabon shiga yakan ɗauka mulki ne kawai irin na masu riƙe da makulli, ya yi tsaki a ciki, ya amsa a daƙile. Ba ya cika wata guda sai ka ji shi yana faɗin amsar tun kafin a tambaye shi.

Yawancin mutane sun ɗauka bambancin babban batir da ƙarami daɗewa ce kawai, wannan ya kai ka tsakar rana, wancan ya kai ka yamma. Ita ta san ba nan zancen ya tsaya ba. Ta sha zama kusa da mai gyara yana fasa matattun batura, ta ga ƙwayoyi ne jere a ciki, na ƙaramin 'yan kaɗan, na ƙaton kuwa sun ninka su. Idan inji ya kama aiki mai tauri, yankan ƙarfe mai kauri ko huda kankare, wuta mai yawa yake zuƙa a lokaci guda. A cikin ƙaton, ƙwayoyin sukan raba wahalar a tsakaninsu, kowacce ta ɗauki kaɗan. A cikin ƙaramin kuwa 'yan kaɗan ɗin nan ne za su ɗauki komai, sai su yi zafi, ƙarfin injin ya ragu, daga nan batirin ya yanke wuta don kada ya ƙone, alhali fitilarsa tana nuna akwai sauran caji. To, injin da ya tsaya cak a tsakiyar ƙarfe ba abin wasa ba ne, don bakinsa kan maƙale, mai riƙe da shi ya sha fizga. Dalilin tambayar farko ke nan. Ta biyun kuma maganar jiki ce. Ƙaton batir nauyi gare shi. A kan benci ba ka jin sa, amma ɗaga shi sama da kanka tun safe, kafin rana ta take za ka san kana da kafaɗa.

Mai walda, wani gajere mai yawan dariya wanda ya fi kowa daɗewa a kamfanin in ka cire mutum ɗaya, shi ya ba ni labarin yadda ya koyi nasa karatun.

"Na ce mata, Anti, yau ƙaramin nake so, na gaji da ɗaukar wannan bulon. Ta ce me zan yanka, na ce ginshiƙan rumfar motoci. Ta dube ni, ta miƙo min ƙaramin, ta ce sharaɗi ɗaya ne, in na gama da shi in kawo mata shi a tafin hannuna, ban da jaka, ban da tsumma. Wallahi ko ƙarfe na biyu ban raba ba abin ya ɗauke. Na ciro shi, sai ga ni a tsakiyar haraba ina wurga shi daga wannan hannu zuwa wancan, mutane na ta kwasar dariya. Haka na iso taga. Ƙaton yana nan ajiye a bakin tagar, ashe tun tafiyata ta fito da shi."

Samari kuma nasu ciwon daban ne. Kowa ƙaton yake so, ko da sukuru zai ɗaura a silin, don dai a gan shi da abu rataye a ƙugu yana tafiya yana buɗa ƙafa. Irinsu takan miƙa musu masu biyu guda biyu ta ce, "Ɗaya a inji, ɗaya a aljihu. In kallo kake so a yi maka, je ka sayi sabuwar hula." Su tafi suna gunaguni, su dawo da yamma wuyansu lafiya lau, kuma ba wanda ya taɓa cewa an gode.

Ke ce kike duba aikin, ki duba mutumin, sannan ki duba kantar batura. Ke ce ba kya ba da abu don an ɗaga miki murya, ba kya kuma hana shi don kin tashi da ɓacin rai. Da a nan labarinki ya tsaya da ma ya isa a jinjina miki, amma da ban ɗauki alƙalami ba, don masu riƙon amana a sito ba su ƙare ba. Abin da ya sa na rubuta wannan shi ne mutum ɗayan nan da na cire ɗazu.

Yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Da mahaifinsu ya rasu shi ya riƙe gidan, shi ya tsaya mata har ta gama makaranta, shi kuma ya kawo ta wurin tsohon mai kamfanin ya ce a gwada ta a sito, in ta ɓatar da ko ƙusa ɗaya a kama shi. Kowa a kamfanin Yaya yake ce masa, har foman, don haka suka ji tana kiran sa. Shi kuma Auta yake ce mata, ko bayan ta fara furfura.

Aikin Yaya shi ne huda rufin kankare daga ƙasa, a samu inda za a rataye bututun ruwa da wayoyi da ƙarafan silin. Yana tsaye a kan tsani, fuska sama, ƙura na zubo masa, injin hudar a bisa kansa tun safe har a tashi. A duk ayyukan kamfanin wannan ne ya haɗa wahalar biyu, ga tauri ga sama. Ƙaramin batir ba ya iya shi, ƙaton kuma kafaɗa ke biya. Shekara da shekaru shi kaɗai ne ba ta yi wa tambaya. Yana zuwa za ta miƙa masa masu takwas guda biyu, ya karɓa ya wuce. Yana alfahari da aikin nan, kuma ya cancanta, don masu famfo sukan yi faɗa a kan a ba su benen da Yaya ya huda.

Baturan ne suka fara kai ƙararsa. A da yakan dawo da su fayau, ba ko ɗigon caji. Sai ta ga ya fara dawo da na biyun da saura, daga baya ma kusan a cike. Ta ce ko aikin ne ya ragu, ta tambayi direba, ya ce ina, benen da ake ciki ma ya fi na baya faɗi. Sannan ta lura da hannun hagu yake miƙowa ta taga, mutumin da ko ruwa ba ya karɓa da hagu. Ranar hutu ta je gaida su Yaya a gida. Ta tarar ya fita, matarsa ta ja ta cikin kicin ta tura ƙofa.

"Auta, zo ki ji. Yayanki fa ni nake sa masa riga yanzu."

"Kamar yaya kina sa masa riga?"

"Kamar yadda na faɗa miki. Hannun dama ba ya wuce nan." Ta nuna daidai kunnenta. "Mun je wurin likitan ƙashi, ya ce jijiyar kafaɗar ta fara tsagewa. Ya ce in bai daina ɗaga nauyi sama da kansa ba za ta tsinke gaba ɗaya, kuma in ta tsinke a shekarunsa, hannun ya tafi ke nan, ko kai cokali baki sai da dabara. Muna fitowa ya ce in na gaya wa wani sai ranmu ya ɓaci ni da shi. To ni dai ban gaya miki ba, ke kika gani."

"Ni na gani," in ji Auta.

Ta koma gida da abin a ranta. Lissafin ba mai wuya ba ne, ɗaci ne kawai gare shi. In ta kai maganar wurin foman, ta tona asirin mutumin da ya raine ta, kuma tana iya jawo a sallame shi. In ta yi shiru, to ita ce da hannunta za ta riƙa miƙa masa nauyin da zai tsinka jijiyar, kowace safiya, da gaisuwa. Ta san in ta same shi a gida ta roƙe shi, zai ce ta yi wa kanta faɗa, washegari kuma ya zo taga kamar ba a yi ba. Abu ɗaya ne ke ƙarƙashin ikonta a duniyar nan, shi ne kantar nan mai hawa uku.

Da safe layi ya yi tsawo, Yaya ya ratso kamar yadda ya saba, ya miƙo hannun hagu.

"Auta, ba ni ƙattina, mota na jira."

"Ina kwana, Yaya. Me za ka huda?"

Waɗanda ke bayansa suka dubi juna. Shi kuwa dariya ya yi.

"Yau kuma har da ni a jarrabawar? Rufin nan ne dai na jiya."

"Ba ni da batirin wannan aikin, Yaya."

"Ga su can ina hango su a ƙasan kanta."

"Suna nan. Akwai katakon da za a tsaga a benci, akwai ƙarafan silin da za a yanka a ƙasa. In waɗannan za ka yi, yanzu in ba ka mafi lafiyar cikinsu."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya matso da kansa jikin ƙarfen tagar, ya rage murya.

"Ke, wa ya kawo miki magana?"

"Ba kowa. Da wane hannu ka miƙo min yanzu?" Ita ma a hankali ta faɗa, yadda shi kaɗai zai ji.

"To tunda nauyin kike ji min, ba ni ƙarami."

"Ƙarami ba ya huda kankare, kai ka fi ni sani. Zai ɗauke maka a tsakiyar rami ya murɗe ka."

"Auta." Ya nuna cikin siton. "Ni na kawo ki ɗakin nan."

"Kai ne, Yaya. Ban manta ba."

Mai walda ya ce a lokacin nan kowa a harabar ya bar abin da yake yi ya juyo. Direba ya daina danna hon. Foman ya fito daga ofis da waya a kunne, ya sauke ta ya ce, "Malama, lafiya? Me ya tsayar da layi?" Nan ne wurin da kowa ya zaci za ta yi bayani, kuma da ta yi da ta wanke kanta a take. Sai ta ce kawai ba ta da batirin da ya dace da aikin Yaya na yau, ta kira na bayansa. Foman ya dubi wannan ya dubi wancan, ya yanke a ransa cewa rigimar gida ce aka kawo masa wurin aiki, ya ce su sasanta kafin gobe, ya koma ofis. Yaya ya juya ya shiga mota hannu rabbana. Ita kuma ta ci gaba da tambayar mutane me za su yanka, muryarta daidai, sai dai shayinta ya huce a wurin ba ta taɓa shi ba.

Abin da ba ta lissafa ba shi ne injin hudar yana can wurin gini a kulle, batura kaɗai ake dawo da su caji. Yaya yana isa ya samu wani mai silin ya ce ya ara masa na aljihunsa. Wa zai ce wa Yaya a'a? Ya sa mai biyu a injin huda kankare, ya hau tsani. Foman, wanda ya iso wurin daga baya, da idonsa ya ga sauran. Ya ce ramukan farko sun tafi, sai injin ya fara jan numfashi, ya ɗauke, Yaya ya saki ya sake dannawa, bakin ya cije a jikin rodi, injin ya juya da hannun gaba ɗaya. Bai faɗo ba, bai yi ihu ba. Ya sauko a hankali, ya zauna a kan bulo, ya ɗauko hannun daman da na hagu ya ɗora a cinya, gumi na bin fuskarsa.

Da yamma mai silin ya dawo da batirin yana sunkuyar da kai. Tun kafin ya buɗe baki ta ga jikin robar ya kumbura, ta gane. Ta rufe taga kafin lokaci, abin da ba ta taɓa yi ba, ta nufi asibiti. A hanya tsoro ne ya cika ta, da kuma wani tunani da ya fi tsoron ciwo, cewa da ta ba shi ƙaton yau da ƙila ya dawo gida lafiya, cewa hanawarta ce ta tura shi ga ƙaramin. Ba zan ce tunanin nan ba shi da tushe ba. Yana da shi, kuma ita ma ba ta taɓa cewa ba shi da shi ba. Abin da ta sani kawai shi ne da ta ba shi yau, da gobe ma sai ta ba shi, har ranar da jijiyar za ta gaji.

Allah ya taƙaita. Likita ya ce tsagar ta ƙaru amma ba ta tsinke ba, saura ƙiris. Aka rataye hannun a wuya, aka ce ya zauna a gida, daga baya ya riƙa zuwa gashi da motsa jiki. Asirin da aka yi ta ɓoyo ya fito da kansa. Foman ya zo taga, wannan karon ba waya a kunne, ya ce, "Malama, ashe abin da kika gani ke nan. To yanzu yaya za mu yi da shi? Mai kamfani yana maganar a sallame shi cikin mutunci." Ta ce ba sai an kai can ba. Ta lissafa masa ayyukan ƙasa da ake ta ɓarna a kansu saboda ba gwani: tsaga katako, yankan ƙarafa daidai awo, duk da manyan batura, amma a kan benci, inda nauyin inji yake kwanciya a kan aikin, mutum jagora kawai yake yi. Ta ce hudar sama kuma a daina barin ta a kan mutum ɗaya, a sa biyu suna karɓar juna, a ba su masu biyar suna canzawa tun kafin su yi zafi. Foman ya kai maganar sama, aka amince. Haka ake yi a kamfanin har yau.

Yaya ya warke, ya dawo, aka nuna masa benci. Ya karɓi aikin don yana da iyali, ya kuma yi shi yadda ba wanda ya taɓa yi, amma a wurinsa sauke shi aka yi, kuma ya san wa ya sauke shi. Daga ranar bai ƙara tsayawa a tagar nan ba. Wani yake aikowa ya karɓo masa batir. In sun haɗu a haraba ta gaishe shi, ya amsa ba tare da ya tsaya ba. A gidan 'yan'uwa in ta shigo ɗaki ya tuna yana da wani uzuri a waje. Ya daina ce mata Auta, bai kuma sa mata wani sunan ba.

Mijinta ya ce ta je ta ba shi haƙuri. Ta je, ta durƙusa a gabansa a falo, matarsa na tsaye a bakin ƙofa. Ta ce ya yafe mata yi masa a gaban mutane da ta yi, bai kamace ta ba. Ya ce, "Shi ke nan?" Ta ce shi ke nan. Ya gane hanawar ba ta cikin abin da ta zo neman gafara a kai, ya ce, "Na ji," ya ƙara muryar rediyo. Ta fito ta yi kukanta a hanya, don abin ya yi mata ciwo ƙwarai, kuma bai daina yi mata ciwo ba. Washegari ta zaɓi mafi lafiyar masu takwas ta ajiye wa ɗan aikensa, haka kuma ta ci gaba da yi kowace safiya. Shekaru suka wuce a haka. Masu ba da shawara sun yi ta zuwa, wasu su ce ta cika taurin kai, wasu su ce shi ya cika. Ni dai na ga duka biyun gida ɗaya suka ɗauko shi.

Ranar da za ta ajiye aiki aka jera kujeru a haraba, aka kawo lemo. Foman ya yi jawabi, mai walda ya sake ba da labarin batirin da ya ƙona masa hannu, aka sake yin dariya kamar ba a taɓa ji ba. Aka ba ta agogon bango a kwali. Kujerar da aka ajiye wa Yaya a gaba ba kowa a kanta, ana jin ƙarar zartonsa daga can rumfar benci, bai ko tsagaita ba. Ta dubi wajen sau ɗaya, ba ta ƙara ba.

Da aka watse ta koma sito ta haɗa 'yan kayanta. Akwai wani akwatin ƙarfe nata a can saman kanta, kusa da rufi, cike da tarkacen shekaru, tsofaffin kofuna da takalmin ruwa da abin da ita ma ta manta. Ta jawo kujera ta hau, ta miƙa hannu, yatsunta suka taɓa gefensa kawai. Tana cikin ɗage sai ta ji an tsaya a bayanta.

"Sauko kafin ki karye mana a ranar ƙarshe."

Ta sauko. Yaya ne, da garin katako har a gira, a cikin ɗakin da ya yi shekaru bai taka ba. Bai dube ta ba. Ya ture kujerar da ƙafa, ya ɗaga hannuwansa biyu sama, na dama ya miƙe sosai har ya wuce na hagu, ya kamo akwatin ya jawo shi.

"Yaya, kafaɗarka!"

Ya sauke akwatin a ƙasa a hankali, ya miƙe, ya karkaɗe hannu.

"Tana nan, Auta. Ba ke kika ajiye min ita ba?"

Ya ɗauki akwatin ya fita da shi zuwa bakin titi, ita kuma ta biyo shi da agogo a hammata tana share ido da gefen mayafi. Mai walda, wanda ya gan su, ya ce Yaya bai sauke akwatin ba har suka samu mota.

Uwar Batir, ke ce kika yarda yayanki ya yi fushi da ke da hannu biyu, a kan ya ci gaba da shi miki albarka da hannu ɗaya. Mun gode, a madadin waɗanda suka san abin da kika yi musu da waɗanda har yau suke ganin mulki ne kawai. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya bar ki da lafiyarki, ya bar miki Yayanki. Ku kuma da makullin wani abu yake hannunku, a sito ne ko a kanti ko a gida, ku sani wata rana wanda zai tsaya a gabanku yana neman abin da zai cutar da shi ba baƙo ba ne, naku ne, wanda kuke jin nauyinsa. In ranar ta zo, ku gaishe shi da ladabi kamar yadda ta yi, ku hana shi.